Gwajin Kan Kibiya da Haɗinta a Farautar Barewa da Baka

Gwajin kan kibiya sashe ne na shirin farauta da baka a Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai. Ya ƙunshi awo da harbe-harben da maharbi ke yi kafin kakar farauta ta kama, domin ya tabbatar cewa kibiyarsa za ta tafi inda ya nufa, ta yanka, ta ratsa, kuma ba za ta karye ko ta lanƙwashe ba idan ta ci karo da ƙashi. Sunan kai aka fi kira, amma abin da ake gwadawa kibiya ce ɗungurungum: faffaɗan kan ƙarfe mai wuƙaƙe, da ɗan ƙarfen da ke haɗa shi da kara, da karan kansa, da fikafikan gindi, har da bakan da zai tura ta. Kai mai tsada a kan karan da bai dace da baka ba, ba ya tsinana wa maharbi komai.

Dabbar da aka fi yi wa wannan shiri ita ce barewar Amurka mai farar wutsiya, wadda masana ke kira Odocoileus virginianus, sai 'yar'uwarta ta yammacin nahiyar mai manyan kunnuwa, Odocoileus hemionus. Ba dangin barewar Sahel ko gada ba ne. Namijinsu yana da ƙaho mai rassa da ke zubewa kowace shekara ya sake tsirowa. Babban namijin mai farar wutsiya yakan kai kilo 70 zuwa 130, macen kuwa 40 zuwa 90. Fatarta ba ta da kauri, haƙarƙarinta siriri ne, amma dabba ce mai saurin zabura, kuma wannan hali nata yana da tasiri a kan duk wani zaɓi da maharbi zai yi.

Yadda kibiya ke kashewa

Harsashin bindigar farauta irin .30-06 yana fita da ƙarfin da ya haura jul 3,500. Kibiyar bakan zamani da ƙyar take wuce jul 110, ta bakan gargajiya ma ba ta kai haka ba. Saboda haka kibiya ba ta kisa da ƙarfin duka. Aikinta yanka ne. Idan wuƙaƙen suka ratsa huhu biyu ko zuciya ko manyan jijiyoyin jini da ke samanta, jini ya zuba, huhun ya saɓe, barewar takan faɗi cikin daƙiƙu kaɗan, sau da yawa ba ta yi gudun mita 100 ba. Wurin da ake nufa yana bayan kafaɗar gaba, faɗinsa bai wuce na faifai ba, wajen santimita 20 zuwa 25. A gabansa akwai allon kafaɗa da ƙashin damtse, a samansa ƙashin baya, a bayansa hanta da tumbi. Kuskuren taƙi guda ya isa ya mai da harbin kisa ya zama rauni.

Maharba sun fi son kibiya ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan. Da yawansu daga kan dandamalin da aka ɗaure a jikin bishiya suke harbi, mita biyar ko shida daga ƙasa, don haka ramin shiga yana sama. In babu ramin fita a ƙasan ƙirji, jinin sai ya taru a ciki, ba ya ɗiga a kan ganye, kuma mai bin sawu ya rasa abin bi ko da dabbar ta mutu nan kusa.

A nan ne kibiyar maharban Amurka ta rabu da ta maharban ƙasar Hausa. Kibiyar gargajiya ta kyauro mara nauyi ce, ba a sa mata fikafiki, kanta ƙarami ne mai kunnuwa don ya maƙale a nama, kuma dafin ƙwanƙwani da aka shafa mata shi ne ke kisa ta hanyar tsai da zuciya. Ta Amurka kuwa doka ta hana mata dafi kusan ko'ina, jihohi da yawa sun hana mata kunnuwa, ba ta da abin dogara sai kaifi da zurfin shiga. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa a fiƙihu ma an bambanta dabbar da makami ya huda da kaifinsa da wadda ya buge da faɗinsa, bisa hadisin Adiyyu ɗan Hatim: ta farko ce ake ci.

Tarihi

Farautar baka ta zamani a Amurka ta samo tushe daga wani likitan tiyata na birnin San Faransisko, Saxton Pope. A 1911 wani mutum mai suna Ishi, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage daga ƙabilar Yahi, ya fito daga daji kusa da garin Orobil a Kalifoniya. Pope ya zama likitansa, ya koyi sassaƙa baka da kibiya da dabarun farauta a wurinsa har rasuwar Ishi a 1916. Pope ya yi gwaji irin na mai bincike. Ya cika akwati da hantar shanu, ya rufe shi da fatar barewa, ya harbe shi da kan ƙarfe da kuma kan baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake samu daga aman wuta, ya ga na dutsen ya fi nutsewa saboda kaifinsa. Littafinsa Hunting with the Bow and Arrow ya fito a 1923. Jihar Wiskonsin ce ta fara ware wa masu baka lokacin farautar barewa na kansu a 1934. Maharbi Fred Bear ya fitar da kan kibiya mai suna Razorhead a 1956, aka kafa ƙungiyar maharban baka ta Pope and Young a 1961, sannan Holless Wilbur Allen na jihar Mizuri ya sami rajistar ƙirƙirar baka mai wili a 1969.

Wannan baka mai wili shi ya sauya lissafi. Gudun kibiya ya tashi daga wajen mita 50 a daƙiƙa zuwa 80 ko 90, karan kabon ya maye gurbin na itace da na alminiyom, kuma a irin wannan gudu faffaɗan kai yakan ɗauki iska ya karkatar da kibiya. Neman maganin wannan matsala ne ya yaɗa kai mai buɗewa a shekarun 1990, ya kuma mai da gwajin tashi wajibi ga kowane maharbi.

Ire-iren kai

Kafaffen kai shi ne wanda wuƙaƙensa suke a buɗe kullum. Akwai wanda aka ƙera da ƙarfe guda, mai wuƙa biyu ko uku, wanda kaifinsa ya faro tun daga tsini, ana wasa shi a sake amfani da shi. Akwai kuma mai wuƙaƙen cirewa, wanda ke da ɗan tsini mai kama da kurfi a gaba, irin wanda kamfanin Muzzy ya shahara da shi tun 1984. Faɗin yankan kafaffen kai yawanci inci 1 ne zuwa 1¼.

Kai mai buɗewa yana tashi da wuƙaƙensa a naɗe a jikinsa, wata roba ko ɗan maƙalli na riƙe da su, sai ya taɓa fata su baje. Wasu daga gaba suke juyowa baya, wasu kuma, irin na kamfanin Rage, daga baya suke zamewa su buɗe kafin su shiga. Faɗin yankansu yakan kai inci 1½ zuwa 2, har fiye. Suna tashi kusan kamar kan atisaye mara wuƙa, suna kuma barin babban rami mai zubar da jini. Farashin wannan shi ne ƙarfin da buɗewar ke ci, da faɗin da ke rage nutsewa, da siraran wuƙaƙe masu ƙusa a gindi waɗanda ƙashi kan lanƙwasa ko ya karya. Akwai kuma mai haɗa biyun, kafaffun wuƙaƙe ƙanana a gaba da masu buɗewa a baya.

Kara, nauyi da rinjayen gaba

Da giren ake auna kibiya. Giren ɗaya giram 0.0648 ne, don haka kai mai giren 100, wanda aka fi saya, giram 6.5 ne, mai 125 kuma giram 8.1. Kibiyar barewa cikakkiya yawanci tana tsakanin giren 400 da 550. Masu ƙera baka mai wili suna gargaɗin kada a sauka ƙasa da giren 5 ga kowace laba ta ƙarfin jan baka, domin kibiya mara nauyi ba ta ɗauke ƙarfin da ke cikin bakan, sai ya koma kan tsarkiya da rassansa ya lalata su. Gudun da ake bugawa a tallar baka da wannan mafi ƙarancin nauyi ake auna shi: laba 70, jan inci 30, kibiya mai giren 350. Kibiyar farauta ta gaske ba ta kai wannan gudu.

Taurin kara shi ne ma'auni na biyu. Ana ɗora kara a kan madogara biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiyarsa, a auna yadda ya lotsa. In ya lotsa inci 0.340 sai a rubuta masa 340, in 0.400 ne a rubuta 400. Ƙaramar lamba ita ce kara mafi tauri. Amma wannan awon zaune ne. Lokacin da tsarkiya ta tura gindin kibiya, nauyin da ke gaba yana turjewa, karan ya tanƙware ya miƙe yana tafiya. Ƙara nauyin kai, ko tsawon kara, ko ƙarfin baka, duk suna sa karan ya yi laushi a aikace. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa ga masu son kibiya mai nauyi: su ɗaura kai mai giren 200 a kan karan da aka zaɓa domin 100, sannan su ɗora wa kan laifin rashin saiti.

Na uku shi ne rinjayen gaba, wanda masu sana'ar ke taƙaitawa da FOC. Ana nemo inda kibiya ke daidaita a kan yatsa, a auna nisansa daga tsakiyar kara, a raba da tsawon karan, a fitar da kashi cikin ɗari. Kibiya mai inci 29 da ta daidaita inci 4 gaba da tsakiya tana da kusan kashi 14. Kamfanin Easton ya daɗe yana ba da shawarar kashi 10 zuwa 15 ga kibiyar farauta.

Akwai doguwar muhawara a kan wane lissafi ne ya fi nuna nutsewa. Misali da baka guda: kibiya mai giram 22.7 a gudun mita 91 cikin daƙiƙa tana ɗauke da kusan jul 94, mai giram 32.4 a gudun mita 78 kuma kusan jul 99. Ta fuskar ƙarfin motsi kusan kunnen doki ne. Amma in aka ninka nauyi da gudu kai tsaye, wanda shi ne ma'aunin yadda abu ke da wuyar tsayarwa, ta biyun ta fi ta farkon da sama da kashi 20 cikin ɗari. Kibiya mai nauyi ta fi shiru wajen fita, ta fi jure iska, ta fi nutsewa. Mara nauyi ta fi miƙewa a tafiya, ta fi yafe wa maharbi in ya kuskure nisa da 'yan mitoci, kuma ta fi saurin isa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka a nisan mita 27 ƙarar tsarkiya tana isa kunnen barewa cikin kashi 8 cikin ɗari na daƙiƙa, kibiyar kuwa sai ta ci kusan sulusin daƙiƙa. A wannan tsakani barewar da ta riga ta tsargu takan durƙusa domin ta zabura, bayanta ya sauka, kibiyar da aka nufa huhu ta sami saman kafaɗa ko ta wuce ta sama.

Gwajin tashi

Wannan shi ne gwaji mafi muhimmanci, kuma shi kaɗai ne babu wanda zai iya yi wa maharbi, domin ya dogara ga bakansa da hannunsa. Kibiyar da ta isa a karkace tana ɓarnatar da ƙarfinta a gefe. Gindinta yana lilo yayin da kanta ke neman shiga, karan ya goga bakin rami, kuma ko mafi kyawun kai ba zai nutse yadda ya kamata ba.

Ana farawa da juyi. Maharbi yana ɗaura kai, ya kwantar da kibiyar a kan 'yan ƙananan wili biyu, ya kara tsinin kusa da gefen kwali, ya mirgina ta da tafin hannu. Tsinin da ke daidai yana tsayawa wuri guda kamar ba ya motsi. Wanda ba daidai ba sai a ga yana zana ɗan da'ira a iska, ko da faɗinta bai fi kaurin farce ba. Sau da yawa laifin ba na kan ba ne, bakin karan ne ba a yanke shi daidai ba, ko gam ya taru gefe guda lokacin da aka sa ƙarfen haɗi. Ana goge bakin da ɗan dutse na musamman, ko a sauya kan zuwa wani kara har a dace. A cikin dozin guda ba kowane kara ne yake cancantar shiga kwari ba.

Daga nan sai gwajin takarda. Ana miƙe takarda a jikin firam, a tsaya kamar mita biyu, a harba ta cikinta da kan atisaye. Kibiya mai tafiya sak tana barin rami guda zagayayye da tsaga uku na fikafikai kewaye da shi. In gindin ya ɗaga ko ya karkata, takardar takan yage doguwar yaga zuwa wannan gefe, kuma tsawon yagar shi ke nuna girman matsalar. Wasu suna ƙarawa da harba karan da aka cire wa fikafikai tare da masu fikafikai daga mita 15 ko 20, domin karan da babu abin da ke gyara masa tafiya ba ya ɓoye aibi.

Hukunci na ƙarshe shi ne a harba kan farauta da kan atisaye masu nauyi ɗaya zuwa wuri guda, daga mita 20, sannan 30, sannan 40. Kan farautar ake fara harbawa don kada ya yanke fikafikan ɗan'uwansa. In suka sauka tare, baka ya daidaita. In suka rabu, ana matsar da madogarar kibiya kaɗan-kaɗan, ƙasa da milimita guda a kowane karo, a fara gyara sama da ƙasa kafin dama da hagu. Wasu maharba sukan gajarce hanya su matsar da abin saiti kawai zuwa inda kan farautar ke sauka, ko su koma kai mai buɗewa don ya rufe matsalar. Wannan bai gyara komai ba, kibiyar tana nan tana fita a karkace, kuma a jikin dabba abin zai bayyana. Masu natsuwa suna rubuta lamba a kan kowace kibiya. In lamba ɗaya ce kullum take warewa daga sauran, sai a juya tsagar gindinta zuwa fiffike na gaba a sake gwadawa, domin taurin karan kabon ba daidai yake a kowane gefe ba. In ta ƙi, ta zama ta atisaye.

Kaifi, ƙarko da nutsewa

Tsohon gwajin kaifi shi ne aske gashin hannu. Wani kuma shi ne a miƙe zararan roba a jikin firam a tura kan a hankali ta tsakaninsu: mai kaifi yana tsinka su, dakusasshe yana ture su gefe, kamar yadda zai yi wa jijiyar jini. Yanzu akwai ƙaramin sikeli mai auna giram nawa ake bukata kafin wuƙa ta tsinka wani zare na musamman. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a auna kaifin bayan kan ya ratsa fata da gashi da ƙashi, domin gashin barewa kan ɗauki ƙasa da taɓo, kuma wuƙar da ta dakushe a haƙarƙarin farko da dakushinta za ta shiga huhu. Kan da aka harba cikin abin atisaye ba a kai shi daji sai an wasa shi ko an sauya masa wuƙaƙe.

Gwajin ƙarko da na nutsewa su ne suka fi jan ido, su ne kuma suka fi ruɗarwa. Masu gwaji na mujallun farauta suna amfani da injin da ke riƙe baka ya saki tsarkiya iri ɗaya kowane karo, da na'urar auna gudu, su harba cikin daskararren jelatin, da katifar roba, da katako, da farantin ƙarfe, har da bulon siminti. Kowanne yana da abin da yake nunawa da abin da yake ɓoyewa. Jelatin domin harsashi aka tsara shi, yana damƙe karan kibiya ta yadda nama mai jini ba ya yi, don haka kaurin kara kan rinjayi sakamakon fiye da kima. Katifar roba da gangan aka yi ta don ta tsai da kibiya ta hanyar guga. Katako da ƙarfe suna nuna wane kai ne zai lanƙwashe ko ya zubar da wuƙa, wannan kuwa sani ne mai amfani, amma ba su lanƙwasa ko tsagewa irin ta ƙashi. Ƙashin da ya bushe ko ya daskare a firji shi ma ba ɗaya yake da ɗanye ba. Allon kafaɗa guda ma yana da wuri mara kauri kamar takarda da wuri mai tudu mai kauri, don haka kai biyu da suka sauka tazarar santimita uku ba jarrabawa ɗaya suka yi ba. Harbi ɗaya ko biyu ga kowane kai, kamar yadda ake yawan yi, ba ya isa a yanke hukunci. Gwajin da ya cancanci a dogara da shi yana sauya abu ɗaya tak a lokaci guda, yana maimaitawa, yana kuma haɗawa da harbi a karkace, domin a daji da wuya barewa ta tsaya ta ba da gefenta sosai.

Binciken Ashby

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin kauce wa waɗannan matsaloli shi ne Ed Ashby, likitan ido Ba'amurke. A tsakiyar shekarun 1980 ya shiga binciken da hukumar gandun dajin Natal ta gudanar a gandun Mkuzi na Afirka ta Kudu, don a ga ko baka ya dace da farautar dabbobin can. Daga baya ya shafe shekaru yana harba kibau iri-iri a jikin ɓaunar ruwa ta Asiya a Ostireliya, kan dabbobin da aka kashe nan take, yana rubuta zurfin kowace kibiya da ƙashin da ta taɓa. Ya jera abubuwa 12 da ke ƙara nutsewa, ya sa ƙarkon kibiya a farko, tashi sak na biyu, rinjayen gaba mai yawa na uku, wato kashi 19 zuwa sama. Ya fifita dogon kai siriri mai wuƙa biyu, wanda tsawonsa ya kusa ninka faɗinsa sau uku, da kara wanda bai kai gindin kan kauri ba. Shi ne kuma ya farfaɗo da wuƙar da aka wasa ta gefe ɗaya. Irin wannan wuƙa tana murɗawa yayin da take shiga, murɗawar ta tsaga ƙashi maimakon ta maƙale a ciki, ta bar rauni mai lanƙwasa. Sharaɗinta shi ne juyin da fikafikai ke ba kibiya ya zo ɗaya da juyin wasin. Lambar da ta fi shahara daga aikinsa ita ce giren 650, kusan giram 42, nauyin da ya ga cewa daga shi ne kibiya ke fara fasa babban ƙashi a kai a kai.

Aikin Ashby ya cancanci girmamawa, domin a nama da ƙashi na gaske aka yi shi, kuma abubuwa biyu na farko a jerinsa babu mai jayayya da su. Inda ake kuskure shi ne ɗauko ma'aunin ɓauna a ɗora wa barewa ba tare da tunani ba. Haƙarƙarin ɓauna katanga ne mai kauri, na barewa kuwa kibiya mai giren 450 daga baka mai laba 60 tana wuce shi ta kafe a ƙasa. Kibiya mai giren 650 tana taimako ranar da aka sami kafaɗa, amma jinkirinta da lanƙwasar tafiyarta na iya zama sanadin samun kafaɗar tun farko. Wanda darasin Ashby ya fi amfana a farautar barewa shi ne mai ƙaramin ƙarfi: matashi, ko mace mai gajeren ja, ko dattijon da ya sauko zuwa laba 40, ko mai bakan gargajiya. Waɗannan ba su da rarar ƙarfin da za su kashe wajen buɗe wuƙaƙe masu faɗin inci biyu, kuma kafaffen kai siriri mai kaifi tun daga tsini shi ne ya dace da su.

Abin da alƙaluman daji suka nuna

Ma'aunin gaskiya na duk wannan shi ne barewa nawa aka harba aka kuma samu. A sansanin soja na Ripley da ke Minesota, binciken farkon shekarun 1990 ya nuna cewa kusan kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka harba ba a same su ba. A ma'ajiyar makamai ta McAlester a Okalahoma an sa wa mazan barewa 80 abin wuya mai rediyo. Masu bakan gargajiya sun harbi 22, sun ɗauki 11, kuma cikin 11 da suka tsere da rauni uku ne kawai suka mutu, sauran sun warke. Rahoton ya fito a 1998.

Bayanai mafi tsawo sun fito ne daga sansanin sojan ruwa na Indian Head a jihar Merilan, inda ake rubuta kowane harbi. Daga 1989 zuwa 2006 maharba 104 sun harbi barewa 908, sun samu 746, wato kashi 18 cikin ɗari sun ɓace. Da aka ba da izinin kai mai buɗewa a 2007 aka ci gaba da ƙidaya zuwa 2012, sai aka ga masu kafaffen kai sun samu kashi 82 cikin ɗari na abin da suka harba, masu kai mai buɗewa kuma kusan kashi 91. Wannan ya ba mutane da yawa mamaki, domin a gwajin katako da ƙarfe kafaffen kai ne ke yin gaba. Dole a karanta shi da lura: lokutan biyu ba ɗaya ba ne, bakuna sun inganta a tsakani, wasu maharban da baka mai kunama irin ta bindiga suka yi amfani, kuma duk sai da suka ci jarrabawar harbi kafin a bar su su shiga. Duk da haka sakamakon ya nuna cewa a kan dabba mai siririn ƙashi, daga baka mai isasshen ƙarfi, kuma a kusa, sauƙin saiti da faɗin rauni suna iya rinjayar ƙarkon ƙarfe. Kafaffen kai yana ceto harbin da ya kauce gaba zuwa kafaɗa, mai buɗewa yana ceto wanda ya kauce baya zuwa hanta, kuma babu kan da ke yin duka biyun daidai wa daida.

Kibiyar da aka tsinta bayan harbi ita ma shaida ce. Jini ja mai kumfa na huhu ne, ana jira kamar rabin sa'a a bi sawu. Ja mai duhu na hanta ne, ana ba shi sa'o'i huɗu ko fiye. Kore-kore mai wari na tumbi ne, wannan sai an haƙura sa'o'i 8 zuwa 12, domin barewar da aka tasa daga inda ta kwanta takan yi nisan da ba za a same ta ba.

Doka

A Amurka kowace jiha da dokarta. Da yawa sun sa mafi ƙarancin faɗin kai ya zama inci ⅞, mafi ƙarancin ƙarfin baka kuma laba 30 zuwa 40. Jihar Aidaho ce ta daɗe tana hana kai mai buɗewa, sai a 2022 ta halatta shi. A Turai hukuncin ya sha bamban. Birtaniya ta hana farauta da baka tun 1965, Faransa ta tsara ta a doka a 1995, Denmak kuma a 1999. A Denmak maharbi ba ya samun izinin harbin ƙaramar barewar ƙasar sai ya ci jarrabawa, inda kibau biyar cikin shida za su sauka a wurin kisa daga nisan da bai wuce mita 25 ba, kuma ana sabunta jarrabawar duk bayan shekara biyar.